NAUYIN DA BA YA ƘONEWA

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun safe wai na bar ku a rataye, Allah ya huci zuciyarku, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ke kuma da kika ce in na taɓa miki Auta kin daina gaishe ni, nemi wuri ki zauna tukuna.

*

Tun kafin allurar agogon tsayi ta nuna komai Kyaftin ta san da matsala. A tafin ƙafarta ta ji. Wadda ta yi rabin rayuwarta a jirgin sama mai tururi ba ta jiran agogo ya gaya mata jirgi ya yi nauyi, daga yadda daɓe ke amsa takunta take ganewa.

Da fitowar rana jirginta, Gauraka, ya baro sansanin bakin daga, wanda sojoji suka janye suka bar wa maƙiya. A cikinsa yana ɗauke da babbar igwa, ita kaɗai ta rage da za ta iya tare motocin ƙarfen da suka tunkari gari. Garin kuwa yana bayan dutse, kuma hanya ɗaya ce, wani matsattsen mashigi da ke can sama cikin gajimare.

Ko sabon shiga ya san yadda abin yake. Jirgi da nauyinsa yake tashi. Yana tafe yana cin kwal, kwal na zama hayaƙi, jirgi na ƙara sauƙi. Kafin a kai gindin dutse rabin rumbun kwal ya ƙone, sai tumbi, wato ƙaton buhun iskar da ke ɗauke da jirgin, ya ja shi sama ba sai an roƙe shi ba.

To yau ga rana ta take tsaka, ga dutse ya fara cika taga, Gauraka kuwa ko gezau.

"Mataimakiya."

"Ranki ya daɗe."

Auta ce ta amsa daga kan sitiyari, ba ta juyo ba. Ƙanwar Kyaftin ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce mataimakiyarta, kuma duk rundunar babu mai hannun tuƙi irin nata. Amma a bakin aiki babu Yaya babu Auta.

"Me ya sa ba ma hawa?"

"Wataƙila iska ce, ranki ya daɗe."

"Iska."

"Eh, ranki ya daɗe."

Kyaftin ta zuba wa wuyan ƙanwarta ido. Maƙogwaron ya yi sama ya yi ƙasa. Tun Auta na yarinya, in ta yi ƙarya sai ta haɗiyi yawu, har yau kuma ba ta san tana yi ba.

Kyaftin ta juya. Ta gyara hularta ta kama tsanin ƙarfe ta yi ƙasa.

Ɗakin wuta ya tare ta da zafi. Gwaggo, shugabar masu ba tukunyar tururi wuta, tana tsaye bakin murhu da shebur, tana zuba kwal kaɗan-kaɗan kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Tsohuwa ce gajera mai damtse, ita ta koya wa Kyaftin yadda ake tsayuwa a jirgi ba a yi amai ba, shi ya sa take faɗa mata abin da ta ga dama.

"Gwaggo, yaushe kika koyi rowa?"

"Tsufa ne, 'yar nan. Hannu ya mutu."

"Hannun da na ga ya ɗaga guduma jiya kamar ludayi?"

"To ai jiyan ce ta ƙarasa shi."

'Yan matan da ke aiki da ita babu wadda ta yi dariya. Kowa ta sunkuyar da kai, wata ma sai goge bututun da ta riga ta goge take ta yi. Kyaftin ta bi su da kallo.

"Buɗe min rumbun baya."

Gwaggo ta dogara sheburinta, ta je ta tsaya a jikin ƙofar rumbun, ta cika ta.

"Me za ki gani a ciki? Kwal ne. Za ki ɓata farar rigarki a banza."

"Matsa, Gwaggo."

"'Yar nan..."

"Kyaftin ce ke magana. Matsa."

Tsohuwar ta matsa.

Buhunan kwal ne a jere har sama, ba abin da ya nuna wani abu. Kyaftin ta sa hannu ta fizgo na tsakiya. Layi ɗaya ne tal. Bayansa babu kwal, sai duhu da warin magani da idanu.

Innalillahi!

Mutane ne kwance a kan buhunan da babu komai a ciki, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Ƙurar kwal ta mayar da bandejinsu baƙi. Masu raunin ɗakin jinya na sansani ne, waɗanda aka ba da umarni a bari domin jirgi ba zai ɗauke su ya ɗauki igwa ba. Wani ya toshe bakinsa da hularsa don kada tarinsa ya fito.

Daga lungu wata siririyar murya ta ce, "Kyaftin ce? Na gane takunki."

'Yar kwandon jirginta ce, mai duba musu hanya daga ƙarƙashin jirgi, yarinyar da harsashi ya fasa wa gilashi a fuska. An naɗe mata idanu duka biyun. Ta lalubo goshinta da hannu tana ƙoƙarin sara wa shugabarta daga kwance.

Kyaftin ta ja da baya daga bakin rumbun. Ta juya ta kama bututun magana.

"A karɓi sitiyari. Mataimakiya ta same ni a ɗakin wuta. Yanzu."

Auta ta sauko, ta ƙame, ta sara. Ko rumbun ba ta kalla ba.

"Aikin wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Na tsaya a kan sikeli da kaina kafin mu tashi. Nauyin jirgi daidai yake. Ta yaya?"

"Duk mutum ɗaya da na shigar, sai na fitar da kwal daidai nauyinsa. Sikeli bai motsa ba."

"Sikeli bai motsa ba!" Kyaftin ta maimaita cikin fushi. "Kwal ƙonewa yake, Auta. Mutum yana ƙonewa ne? Nauyin da muka tashi da shi, da shi za mu isa dutse. Ga kwal ɗin da za mu tura jirgi da shi kin baro shi a ƙasa. Kin san abin da kika yi kuwa?"

Gwaggo ta yi gyaran murya. "Na gaya mata haka. Sai ta riƙe hannuna ta kai ni ɗakin jinya, ta ce to in zaɓi wanda za a bari. Na duba, na duba. Wallahi na kasa, 'yar nan."

"Ba da ke nake ba, Gwaggo."

Auta ta ɗago. Idanunta sun yi ja amma babu hawaye.

"Yaya."

"Kada ki Yaya ni a nan."

"Yaya, kin san abin da suke yi wa wanda suka samu a gadon jinya. Ke kika gaya min, da bakinki. Yarinyar can shekara nawa tana lilo a ƙarƙashin jirginki tana yi miki ido? Ranar da idon ya tafi sai a ajiye ta kamar tsohuwar fitila?"

"Da kin zo kin same ni."

"Da kin hana."

"Da na hana, ƙwarai!"

"Shi ya sa ban zo ba."

Hannun Kyaftin ya tashi, sai ya tsaya a sama. Ta dunƙule shi ta sauke a hankali. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san gaskiya yarinyar ta faɗa. Ita ma da za ta shiga jirgi da safe, da gangan ta zagaye ta bayan ɗakin jinya don kada ta ga fuskar kowa.

Ƙwas... tsss. Ƙwas... tsss.

Kowa ta ƙame. Duk rundunar babu wanda bai san wannan takun ba. Kanar ce, wadda aka ɗora wa alhakin kai igwar gari, kuma ita ta ba da umarnin barin masu rauni. Ƙafarta ta hagu ta tagulla ce, duk taku sai ta fesar da ɗan tururi. Ta sauko tsanin ba gaggawa, ta leƙa rumbun, ta daɗe tana kallo. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Wa?"

"Ni ce, ranki ya daɗe." Auta ta riga kowa.

"Kin san dokar sikeli?"

"Na sani."

"Faɗa min."

"Duk wanda ya cuci sikeli, shi ne nauyin farko da za a zubar."

Kanar ta gyaɗa kai ta juyo ga Kyaftin. "Kin ji. Ba ni na kafa ta ba, na tarar da ita."

"Ranki ya daɗe..."

"Kada ki ɗauka ba ni da zuciya, Kyaftin. Gado-gado na bi ɗakin nan na kalli kowa a ido kafin in ba da umarnin. In igwar nan ba ta isa ba, garin da za a shiga ya fi ɗakin jinya yawan gadaje. Uwarku ma a can take, ko ba haka ba?"

A can take. Inna tana ɗinki a ma'aikatar da ake ɗinka tumbin jirage, rabin facin da ke jikin Gauraka ma hannunta ne. Kullum la'asar sai ta hau saman ɗaki ta kasa kunne, don duk jirgin da ya tsallake dutse lafiya sai ya busa jiniya, ita kuwa ta san ta Gauraka mai shaƙaƙƙiyar murya. Ranar da Auta ta sa kaki, Inna ta kamo hannunta ta damƙa a na yayarta. Magana ɗaya ta yi. "Ga ta nan, yadda na ba ki haka za ki dawo min da ita."

Kyaftin ta ja numfashi ta miƙe sosai.

"Igwa za ta isa, ranki ya daɗe. Mutanen nan ma za su isa."

"Da wane kwal?"

"Ki ba ni zuwa bakin mashigi. A ƙasa ke ce Kanar, ba na ja da ke. A sama kuwa jirgina ne."

Kanar ta dube ta sama da ƙasa. "Zuwa bakin mashigi. Daga nan doka ta yi aikinta."

Kyaftin ta fizgi bututun magana, ta ɗaga murya yadda kowane lungu zai ji.

"Kowa ya saurara! Kwal ya gaza, nauyi ya yi yawa. To Gauraka zai ci kansa. Duk abin da yake na katako a kawo ɗakin wuta. Duk abin da yake na ƙarfe, in ba shi ke riƙe da mu a sama ba, a wurga shi ta taga. Wadda na kama tana ɓoye ko cokali za ta gamu da ni!"

Kai, jama'a, ku zo ku ga aiki!

Ƙofofi aka fara ɓallewa. Sai gadaje, sai tebura, sai bangon da ya raba ɗakuna. 'Yan mata suka yi layi daga sama har ƙasa suna miƙa wa juna katako, gumi na zuba, wata ta ɗauko waƙa saura suka amsa. Ƙananan bindigogin gefe suka tafi. Anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ta tafi. Mai girki ta rungume babbar tukunyarta tana rantsuwa wai tun kafin a haifi Kyaftin take dafa wa jirgi abinci a ciki, sai da mutum uku suka ɓamɓare ta, tana kuka tana yi wa tukunyar sallama ta taga.

Aka sauko da kujerar Kanar mai laushi. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta shafa ta.

"Allah sarki, kujerar manya. Bismillah." Ta cusa ta a murhu har da taka ta da ƙafa.

Ni dai na ce Gwaggo wannan ba don jirgi kika yi ba.

Har masu raunin, wanda hannunsa ke motsi ya karɓi katako yana karyawa a gwiwa. Wani mai karyayyar ƙafa ya miƙo sandar da yake dogarawa. Kyaftin da kanta ta ɗauko akwatin da Inna ta ba ta ranar da ta fara aiki, ta zazzage kayan a ƙasa, ta miƙa shi ba ta bari ta kalle shi sau biyu ba.

Tukunyar tururi ta fara ruri. Daɓe ya fara amsa taku da sauƙi. Allurar agogo ta motsa, ta ƙara motsawa, ta hau, ta hau.

Sai ta tsaya.

Kyaftin ta koma ɗakin tuƙi, wanda yanzu ba ƙofa ba kujera, sai sitiyari da Auta a tsaye. Gajimare ya rufe taga fari fat, ko hancin jirgin ba a gani. Kanar na tsaye a gefe ta goya hannu.

"Saura kaɗan," in ji Auta a hankali. "Za mu shiga mashigin, amma tudun ƙarshe zai goge mana ciki. Kuma ba na ganin komai."

Nan ne gizo... a'a, bari in faɗa muku kai tsaye. Jirgi ba ya ratsa mashigi cikin gajimare sai da kwando. Wani kwandon ƙarfe ne da ake zura shi da doguwar waya har ya fita ƙarƙashin gajimaren, mutum ɗaya a ciki yana kallon hanya, yana jan igiyar ƙararrawa. Ja ɗaya, dama. Ja biyu, hagu. In ya ja ya riƙe bai saki ba, to a yanke waya ke nan. Mai wannan aikin kuwa tana can rumbu da idanu a naɗe.

Kyaftin ta riga ta gama tunaninta tun a kan tsani.

"Nauyi uku suka rage a jirgin nan da za mu iya rabuwa da su. Injin naɗe waya, da wayar, da kwandon. Za a zura kwando, a ɗaure wayar a ginshiƙi, a kwance injin a jefar. In an kai tudun ƙarshe a sare wayar. Jirgi zai yi tsalle ya haye."

"Wanda ke cikin kwandon fa?" in ji Kanar.

"A bakin tudu kwandon yana kusa da ƙasa. In da rabo ya sauka da ransa."

"A ƙasar maƙiya."

"A ƙasar maƙiya, ranki ya daɗe."

Kanar ta juya ga Auta. "To doka ta sami hanyarta. Mataimakiya, miƙa sitiyari."

Auta ba ta yi musu ba. Ta saki sitiyarin, ta fara kwance maɓallin wuyan rigarta. "Yaya, ki ce wa Inna..."

"Mayar da hannunki kan sitiyarin nan kafin ranki ya ɓaci."

Duk suka dube ta.

Kyaftin ta fuskanci Kanar. "Ranki ya daɗe, yarinyar nan ba ta taɓa shiga kwando ba. Ba ta san yadda ake karanta dutse daga ƙasa ba, ja biyun farko za ta haɗa mu da bango. Kuma in ta sauka, wa zai ratsa da jirgi ta wannan matsin? Ni? Hannuna bai kai nata ba, duk rundunar an sani. Ni kuwa a kwando na fara. Na san mashigin nan ta ƙasa kamar yadda na san tsakar gidanmu."

"Kyaftin ba ta barin jirginta."

"Jirgin da ba ƙofa ba kujera? Ai ya kusa ƙarewa." Ta ɗan murmusa, murmushin ya ɓace. "Zaɓi ɗaya za ki yi, ranki ya daɗe. Ko doka ta cika, ko igwa ta isa."

Ƙafar tagulla ta yi tsss. Kanar ta ƙura mata ido. Can ta haɗa dugaduganta, ta ɗaga hannu ta sara wa wadda take ƙasa da ita a muƙami.

"Ban yarda ba!" Auta ta fashe. "Wallahi ban yarda ba! Ni na yi laifin, Yaya, ni na yi! Ta yaya zan kalli Inna?"

"Da idonki za ki kalle ta." Kyaftin ta cire hularta ta kifa a kan ƙanwarta, ta danna ta sosai. Ta yi mata yawa, ta sauko har gira. "Ke kika ɗauko mutanen nan, ke za ki sauke su. Hukuncinki ke nan, kuma ya fi nawa nauyi."

"Yaya, don Allah..."

"Saurara. In kin ji na ja na riƙe, ki ba Gwaggo umarni ta sare. Ba jira, ba tunani. Kin ji ni?"

Auta ta kawar da kai.

"Mataimakiya! Kin ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Maƙogwaron ya yi sama ya yi ƙasa.

Kyaftin ta gani. Ta juya ta fita.

A cikin jirgin, kusa da inda igwa ke ɗaure da sarƙoƙi, an buɗe ƙofar ƙasa. Iska mai sanyi na bugowa. Gwaggo na tsaye da gatari, fuskarta sharkaf, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido. Ta cire tsohuwar rigar sanyinta mai warin kwal ta yafa wa Kyaftin.

"Aro na ba ki. Ki dawo min da abata."

"Rowar dai ba ta sake ki ba, Gwaggo."

Ta shiga kwandon, ta naɗe igiyar ƙararrawa a hannun dama. Da hannun hagu ta laluba saman kwandon, inda wayar ta kama shi, ta taɓa sakatar da ke wurin. 'Yan kwando kaɗai suka san amfaninta.

"Zura!"

Gauraka ya ɓace a samanta. Fari ta ko'ina, sanyi na yankar kunne, ba ƙarar komai sai kukan waya. Sai ga shi ta ɓullo ƙarƙashin gajimare, duniya ta buɗe. Bangon dutse dama da hagu, baƙi, a jiƙe, kusa ƙwarai. Jim kaɗan wani ƙaton abu ya wuce ta gefenta yana juyi a iska. Injin naɗe waya ne. Hanyar komawa ta tafi ke nan.

Ta ja ɗaya. Jirgin ya karkata dama, a hankali, daidai yadda take so.

Ta ja biyu. Ya dawo hagu.

"Haka, Autar Inna," ta faɗa a fili. "Haka nake so."

Wani hancin dutse ya taso mata, ta ja biyu da ƙarfi, kwandon ya wuce shi har yana kankarar gansakuka. Can ƙasa ta hango tantunan maƙiya a gefen rafi, mutane ƙanana suna gudu suna nuna sama. Harsashi ya yi ƙara a jikin kwandon. Wani ya bi ta gefen kunnenta. Ko sunkuyawa ba ta yi ba, idonta na kan hanya.

Ga shi nan. Tudun ƙarshe, ya tare mashigin daga bango zuwa bango, kansa a cikin gajimare. Ƙasa na tasowa da gudu, tsakuwa da ƙananan itatuwa.

Ta yi bismillah, ta ja igiyar ta riƙe.

Ba abin da ya faru.

Ta ƙara nannaɗe ta a hannu ta ja har ta yanke mata fata. Ta san ƙararrawar na can na ihu a kunnen Auta. Ta san Gwaggo ta ɗaga gatari tana jiran kalma ɗaya.

Wayar ba ta motsa ba. Sai ma ji ta yi injinan jirgin sun ƙara ruri, hancinsa na ƙoƙarin ɗagawa. Yarinyar nan so take ta haye da kowa, har da kwandon.

Ba zai hau ba. Kyaftin na gani da idonta ba zai hau ba.

"Mai taurin kan tsiya," ta ce, hawaye na gudu a fuskarta, tana dariya. "Na san za ki yi haka."

Ta saki igiyar. Ta miƙa hannu biyu sama ta kama sakatar da ke haɗa kwando da waya. In kwando ya tafi, Auta ba ta da sauran dalilin riƙe waya.

Ta zare.

Ƙasa ta buge ta. Kwandon ya yi ta gangarawa da ita cikin tsakuwa, sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, har ya daki wani itace ya tsaya. Ta ji ɗanɗanon jini a bakinta. Kafaɗarta ta hagu ba ta amsa mata ba.

Ba ta damu da wannan ba. Kunne ta kasa.

Doguwar wayar ta faɗo daga gajimare ta zube a kan duwatsu. An sare.

Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har ta fara jin bugun zuciyarta a cikin kai. Ta rufe ido tana jiran ƙarar ƙarfe a jikin dutse.

Daga can bayan tudun, nesa, wata shaƙaƙƙiyar jiniya ta tashi. Ta busa ta ƙara busawa, ba ta da niyyar yin shiru.

Sun haye. Inna na saman ɗaki, ta ji.

Kyaftin ta sauke ajiyar zuciya, ta jawo rigar Gwaggo ta rufe kafaɗarta, ta buɗe ido.

Takalman soja ne zagaye da kwandon, kuma ba irin nasu ba ne.